Ibrahim Imam: Ɗan Yerwa da ya wakilci ƙasar Tibi

A zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Arewa na 1961, masu jefa ƙuri'a a wata mazaɓa ta ƙasar Tibi sun miƙa kujerarsu ga mutumin da ba harshensu ɗaya ba, ba kuma a ƙasarsu aka binne cibiyarsa ba. Mutumin shi ne Alhaji Ibrahim Imam, Babarbare kuma Musulmi, ɗan Yerwa. Hanyar da ta kai shi neman ƙuri'a nesa da gida ita ce tarihin adawa a Arewa ta wancan zamani.

An haifi Ibrahim Imam a 1916 a Yerwa, wato Maiduguri, cikin babban gida. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye akasarin shugabannin Arewa na farko. Da ya kammala sai ya kama aiki a sashen ayyuka na En'e ta Borno, har ya zama mai kula da sashen. Ya san En'e ciki da bai, ya kuma ga yadda iko ya taru a hannun ƴan majalisar Shehu ba tare da mai tuhumarsu ba. A 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisa a Kaduna, ba a jima ba ya zama babban sakataren Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ya riƙa zaga lardi-lardi yana kafa mata rassa.

A watan Maris na 1953 sunansa ya fito fili a siyasar ƙasa. Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a Majalisar Wakilai da ke Legas. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bar maganar sai lokacin da ya dace. Imam ne ya miƙe ya nemi a ɗage muhawarar. Wakilan Kudu suka fice cikin fushi, aka yi wa ƴan Arewa ihu a titunan Legas, kuma zafin abin ya kai ga rikicin Kano na watan Mayun shekarar. A ranar nan babu wanda ya fi shi tsayawa wa jam'iyyarsa.

Shekara guda bayan haka, a 1954, ya ajiye muƙaminsa ya bar NPC. Hujjarsa ita ce jam'iyyar ba ta da niyyar gyara mulkin En'e. Ba ƙaramar kasada ba ce. A lokacin En'e ce ke riƙe da kotunan alƙalai da ƴan doka da gidan yari, kuma a wurinta ake neman izinin yin taron siyasa. Wanda ya ja da jam'iyyar da sarakuna ke goyon baya, to ya ja da mai kama shi da mai yi masa shari'a da mai tsare shi.

Imam ya haɗa kai da NEPU ta Malam Aminu Kano, ya kuma zama uban ƙungiyar matasan Borno, BYM, wadda ta taso daga fushin matasa kan almundahana a En'e. A zaɓen 1956 ƙawancen ya ci kujeru biyu a Borno, abin da ya girgiza fada. Amma tafiyar ba ta ɗore ba. NEPU jam'iyyar talakawa ce, aljihunta ba nauyi, shi kuwa Imam yana buƙatar kuɗin da zai riƙe magoya baya. Sai ya koma ƙawance da AG ta Obafemi Awolowo. Wannan mataki ya ba abokan hamayyarsa makami, suka riƙa nuna shi a matsayin ɗan koren Yarbawa. Rikici ya yi ta ɓarkewa tsakanin ɓangarorin biyu a Maiduguri, har gida ya yi masa zafi.

A nan ne Joseph Tarka, shugaban jam'iyyar UMBC mai ƙawance da AG, ya buɗe masa ƙofa. Mutanen Tibi su ma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun En'e, abin da ya haddasa boren 1960 a ƙasarsu. Abin da ya haɗa su da Imam shi ne ciwo ɗaya, kuma ya ishe su dalili. Suka zaɓe shi, ya ci gaba da jagorancin adawa a zauren Kaduna, inda ya yi suna wajen kaifin harshe.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A shari'ar cin amanar ƙasa da aka yi wa Awolowo a 1962 da 1963, Imam na cikin waɗanda suka ba da shaida a ɓangaren gwamnati, kuma an yanke wa tsohon abokin tafiyarsa ɗaurin shekara goma. Yawan sauya sheƙarsa ya sa wasu ke masa kallon mai son mulki. Duk da haka, gyaran da ya nema ya zo: bayan 1966 an karɓe ƴan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babinta.

Ya rasu a watan Afrilun 1980. Wata uku kafin nan, gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne, sai da Babbar Kotun Maiduguri ta soke umarnin. Ke nan Imam ya bar duniya ana amfani da asali wajen kawar da ɗan hamayya a garinsa. Ma'aikacin tarayya da ya san nauyin takardar shaidar asali cikin fayil ɗinsa zai fi kowa gane girman abin da mutanen Tibi suka yi a 1961.