Marigayi Dokta Mamman Shata: Mawaƙin Kowa da Kowa

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta jihar Katsina a 1923. Da kiɗan kalangu ya yi fice, kuma babu fagen da bai taɓa ba. Ya wasa sarakuna da attajirai, ya yi wa manoma da direbobi da sojoji waƙa, har da kumbon Apollo 11 na Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura.

Ni da na koyi Hausa a Masaka, faya-fayansa ne suka zame mini ƙamus. 'Yan'uwana ɗalibai, mu rubuce waƙoƙinsa tun kafin tsofaffin kaset-kaset su lalace. Allah ya jiƙansa, amin.