Louis Pasteur: Ɗan Majemin Da Ya Gwada Tsohon Zance Da Kwalba

Kowa ya taɓa ganin tsutsa a jikin ruɓaɓɓen nama, ko gunda cikin hatsin da aka rufe a rumbu. Shekaru aru-aru mutane, har da manyan masana, sun gaskata cewa irin waɗannan halittu daga ruɓar kanta suke fitowa, ba uwa ba uba. Mutumin da ya yi wa wannan zance mummunan rauni shi ne Louis Pasteur. Da Faransanci sunan nasa na nufin makiyayi, ko fasto, ko da yake shi aikinsa a ɗakin bincike yake.

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole na Faransa, ya girma a Arbois. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. A 1848 Pasteur ya lura cewa ƙwayoyin wani gishiri, dangin wanda ke taruwa a gangar ruwan inabi, iri biyu ne: siffarsu ɗaya, amma sun saɓa kamar hannun dama da na hagu. Ya zauna da hantsaki da madubi yana ware su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya fahimci cewa abubuwa masu rai hannu guda suke zaɓa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

A 1859 wani masani na birnin Rouen, Félix Pouchet, ya buga littafi yana cewa ya ga ƙananan halittu suna tasowa da kansu cikin ruwan da aka tafasa. A shekarar ce kuma littafin Darwin ya fito, don haka gardamar ta wuce ɗakin bincike, ta shiga majami'u da jaridu. Pasteur ɗan Katolika ne, amma ya nace cewa gwaji ne zai raba wannan gardama. Ya zuba ruwan yisti mai sukari cikin kwalabe, ya narkar da wuyansu a wuta, ya ja shi ya lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, sa'an nan ya tafasa ruwan, ya bar bakin a buɗe. Iska na shiga, amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar. Ruwan ya zauna garau wata da watanni. Da zarar an karya wuyan kuwa, cikin 'yan kwanaki sai ya gurɓace. A 1860 ya hau duwatsun Alps da kwalabe 20, ya buɗe su cikin iska mai tsabta kusa da ƙanƙara. Guda ɗaya tak ta lalace. Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba shi lada a 1862.

A yi wa Pouchet adalci: ba ƙarya ya yi ba. Da jiƙon ciyawa ya yi nasa gwajin, kuma sai wajen 1876 aka gane cewa cikin ciyawa akwai ƙwayoyin da tafasa ba ta kashe su.

Gidan Pasteur ya sha makoki. 'Ya'yansa mata uku sun rasu suna ƙanana, biyu da zazzaɓin taifod. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, duk da haka a 1885 ya yi wa yaro Joseph Meister allurar haukan kare, yaron ya rayu. Ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895.

Abin da kwalabensa suka nuna yana da iyaka: a duniyar yau, rai daga rai yake fitowa. Ba su taɓa batun rai na farko ba, sai ma ƙara masa wuya da suka yi. Oparin na Rasha a 1924, da Haldane na Ingila a 1929, suka ce a nemi amsar cikin tekunan duniyar farko. A 1953 Stanley Miller, ɗalibi a Jami'ar Chicago, ya ratsa tartsatsin lantarki cikin tururi da wasu iskoki, ya sami sinadaran amino, tubalan da jiki ke gina furotin da su. Amma irin wannan gwaji na-dama da na-hagu yake bayarwa a gauraye, alhali furotin na jikin mutum, da na tunkiya, da na dawa, da na-hagu ake gina shi. Masana na da shawarwari dabam-dabam a kan dalilin haka, har yau kuwa ba su tsaya a kan guda ba.