Edgar Codd, Wanda Ya Sauko da Bayanai Daga Kan Bishiya

A wannan mako mun ɗauko tarihin wani mutum da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Amma duk ranar da muka duba sakamakon jarrabawa a intanet, ko aka biya mana kuɗin makaranta ta banki, da wuya aikin bai bi ta kan tunaninsa ba.

An haifi Edgar Frank Codd a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila ranar 19 ga Agusta, 1923. Ya karanta lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, ya tuƙa jirgin sojan saman Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya koma Amurka ya kama aiki da kamfanin kwamfuta na IBM, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965.

A wancan zamani ana yawan ajiye bayanai a kwamfuta a tsarin bishiya. IBM na da manhaja mai suna IMS, wadda aka ƙirƙira don lissafa kayan rokar shirin Apollo na zuwa duniyar wata. Roka na da sassa, kowane sashe na da ƙananan sassa, har a gangaro kan noti. Kowane reshe uwa ɗaya gare shi. Ga roka, tsarin ya yi daidai.

To, mu gwada shi a kanmu. Makaranta ce gindi, azuzuwa rassa, ɗalibai ganye. Neman 'yan aji uku abu ne mai sauƙi. Amma a ce Malam yana son sunayen 'yan ƙungiyar 'yan jarida, waɗanda ke warwatse a kowane aji: sai an hau kowane reshe an sauko. Idan kuma aka dasa wa ƙungiyoyi tasu bishiyar, an rubuta ɗalibi sau biyu ke nan. Ranar da aka gyara sunansa a wuri ɗaya aka manta ɗayan, rikici ya tashi.

A watan Yunin 1970 Codd ya wallafa maƙalar da ta kawo mafita. A zuba komai a jadawali: na ɗalibai daban, na ƙungiyoyi daban, lambar ɗalibi ta haɗa su. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, kwamfuta ta nemo hanya da kanta. A ganinmu nan ne gwanintarsa take, domin kafin shi sai wanda ya haddace rassan bishiyar ne ke iya yin tambaya.

Kamfaninsa bai yi rawar jiki ba, tunda IMS na kawo kuɗi. Ana cikin jan ƙafa, Larry Ellison ya karanta aikin, kamfaninsa ya fitar da Oracle a 1979, ya riga masu abin shiga kasuwa. Harshen SQL da abokan aikin Codd suka tsara shi ma bai gamsar da shi ba, yana ganin an kauce wa lissafinsa. Ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1981, a 1985 kuma ya fitar da ƙa'idoji don tona asirin masu sayar da tsohon tsari da sabon suna. Ya rasu a Florida ranar 18 ga Afrilu, 2003, yana da shekara 79.

Bishiyar dai ba ta mutu ba. Masu rubuta manhaja a yau sun fi son ɗaukar ɗalibi a matsayin abu guda, ɗauke da sunansa, ajinsa da makinsa a cikinsa, reshe cikin reshe. Don haka sai an sa wata manhaja a tsakani, ta tattaro layuka daga jadawalan Codd ta gina ɗalibin, in an gama ta sake wargaza shi ta mayar. IMS kuwa har yanzu tana aiki a wasu manyan bankuna.