Janar Choi Hong Hi: sojan da ya raɗa wa tekwando suna, wasu suka ci kasuwarta

Da yawa daga cikinmu ba mu damu da tekwando ba sai a shekarar 2016, lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik na birnin Riyo. Rabon ƙasarmu da lamba a waɗannan wasanni tun 1972, sa'ad da Isaka Dabore ya samo ta tagulla a dambe. Bayan nasarar Alfaga, yara a Yamai da sauran garuruwa suka riƙa matsa wa iyaye a saya musu farin kaya da ɗamara. Uwar da za ta taɓa jarinta don wannan hidima tana da haƙƙin ta yi tambaya: shin abin nan wasa ne kamar ƙwallo, ko kuwa ilimin kare kai ne da zai yi wa yaro rana in ɓarawo ya tare shi da kuɗin ciniki? Wannan gardama ta girmi yaranmu, kuma ita ta cinye rabin rayuwar mutumin da muka kawo muku tarihinsa yau, wato Janar Choi Hong Hi na ƙasar Koriya.

An haifi Choi ranar 9 ga watan Nuwamba 1918 a wani ƙauye na gundumar Myongchon, a yankin da yau yake cikin Koriya ta Arewa. A lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wadda ta haɗiye ta tun 1910. Yaro ne gajere, ramamme, mai yawan laulayi, amma da taurin kai. Yana da shekara 12 aka kore shi daga lakwal saboda ya shiga boren ɗalibai a kan masu mulkin mallaka. Sai mahaifinsa ya kai shi wurin wani malami mai suna Han Il Dong don ya koyi rubutun zayyana. Choi ya ce wannan malami ne ya fara nuna masa tsohon wasan shure-shure na Koriyawa da ake kira takkyon, don ya ga yaron ba shi da ƙwari.

Abin da ya tura shi koyon faɗa gadan-gadan, bisa labarin da shi kansa ya bayar, caca ce. Ana gab da tafiyarsa karatu Japan, sai ya zauna wasan karta, aka cinye kuɗin guzurinsa tas. Da haushi ya kama shi, ya ɗauki kwalbar tawada ya jefi wanda ya cinye shi, alhali mutumin ƙaton ɗan kokowa ne. Choi ya tsere, ɗan kokowa ya aika da saƙon cewa yana jiran ranar dawowarsa. Tsoron wannan rana ya sa da ya isa Japan, ƙarshen shekarun 1930, ya duƙufa koyon karate a Kyoto da Tokyo har ya samu baƙar ɗamara. Mu lura da wannan: tun farko Choi bai nemi lamba ko tafi ba, ƙashinsa yake so ya tsira.

A yaƙin duniya na biyu Japanawa suka tilasta masa shiga sojansu. Ya haɗa baki da wasu ɗaliban Koriya da aka yi wa irin wannan tilas, suka shirya tawaye a Piyongyang. Asiri ya tonu, aka jefa shi gidan kaso. A can ma bai bar motsa jiki ba, har fursunoni suka riƙa koyo daga gare shi. Faɗuwar Japan a watan Agusta 1945 ita ta buɗe masa ƙofa. A farkon 1946 ya zama ƙaramin hafsa a sabuwar rundunar Koriya ta Kudu, ya yi ta samun ƙarin girma, har ya kai janar a lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953.

A 1953 aka ba shi aikin kafa runduna ta 29 a tsibirin Jeju. Alamar rundunar dunƙulen hannu ce, kuma kowane soja sai ya koyi faɗa ba makami. Babban mataimakinsa a wannan aiki shi ne Nam Tae Hi, wanda ya yi suna ranar da ya fasa fale-falen gasasshen yumɓu 13 da naushi ɗaya a gaban shugaban ƙasa Syngman Rhee. Abin ya burge shugaban, ya ce a koya wa sojoji. Saura suna. A lokacin akwai makarantun faɗa da dama a birnin Seul, kowace da maigidanta, kuma sunayen da suke amfani da su galibi na karate ne na tsohon mai mulkin mallaka. Choi ya kawo sabon suna mai gaɓa uku: te, wato shuri da ƙafa, kwon, wato dunƙulen hannu, do, wato hanya ko tafarki. Mabiyansa suna riƙe da 11 ga watan Afrilu 1955 a matsayin ranar raɗin suna.

A nan ya kamata mu yi adalci. Choi ba shi kaɗai ya ƙirƙiro tekwando ba. Masu waɗancan makarantu sun riga shi buɗe ƙofa, kuma da yawansu ba su taɓa yarda cewa shi ne uban abin ba. Amma shi ne ya kawo sunan, shi yake da kakin soja da zai tilasta a karɓe shi, shi ne kuma ya fara fita da hajar waje. A 1959 ya shugabanci ƙungiyar tekwando ta Koriya, ya kai tawaga Biyetnam da Taiwan. Daga 1962 malaman Koriya suka fara horar da sojojin Biyetnam ta Kudu. Tekwandon wancan zamani ta bariki ce: naushi a fuska, gwiwar hannu, gefen tafi a wuya, shuri a gwiwa, da yadda za ka kuɓuce in an shaƙe ka.

Siyasa ce ta juya masa baya. A 1961 Janar Park Chung Hee ya yi juyin mulki, kuma tsakaninsa da Choi ba a ga maciji. Aka cire Choi daga soja a 1962, aka tura shi jakada Maleziya. A can ya samu sararin tsara yawancin jerin motsin da ɗalibansa ke haddacewa, waɗanda daga baya suka cika 24, daidai da sa'o'in dare da rana. Da ya dawo gida, a 1965 ya zagaya da tawaga Jamus ta Yamma, Italiya, Turkiyya, Masar, Maleziya da Singafo. Ranar 22 ga watan Maris 1966 ya kafa ƙungiyar duniya mai suna ITF da ƙasashe 9, Masar ce kaɗai ta Afirka a cikinsu.

Gwamnatin Park tana son tekwando ta zama tutar ƙasa a hannunta, Choi kuwa yana ganin abin nasa ne. Da zama ya gagara, a 1972 ya yi hijira zuwa Toronto ta ƙasar Kanada, ya tafi da ƙungiyarsa. Hukumomin Seul ba su ɓata lokaci ba. A wannan shekarar suka buɗe babbar cibiyar Kukkiwon, a 1973 kuma suka kafa kishiyar ƙungiya mai suna WTF ƙarƙashin Kim Un Yong. Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan: ka sha wahala ka fito da suna, wanda ya fi ka jari ya buɗe rumfa a bakin hanya da sunan nan naka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sabuwar ƙungiya ta sa wa ranta Olamfik, kuma Olamfik tana son abin da za a kalla, a ƙirga maki, kowa ya koma gida da ƙafarsa. A gasarta ƴan wasa suna sa sulke a ƙirji, daga baya aka ƙara hular kariya. Aka hana naushi a fuska, aka hana shuri ƙasa da ƙugu, aka hana riƙo da kayarwa. Shuri a kai ya fi naushi a ƙirji maki, shi ya sa muke ganin ƴan wasa a tele hannuwansu a sake, ƙafa ce kawai ke aiki. An nuna wasan a Olamfik na Seul a 1988 da na Basalona a 1992, ya zama na lamba a Sidni a shekarar 2000. A Landan a 2012 Olamfik ta fara amfani da sulke mai na'ura da ke ƙirga maki da kansa.

Choi bai taɓa amincewa da wannan ba, yana ganin an mai da ilimin kare rai abin kallo. Sai dai shi ma ƙungiyarsa tana shirya gasa, ta yi ta farko ta duniya a Montreal a 1974. A tasu gasar an yarda hannu ya kai fuska, amma an hana a saki ƙarfi duka. Ashe kowa da irin nasa rangwame: waɗancan sun saki ƙarfi sun rage gurbin bugu, waɗannan sun bar gurbin bugu sun rage ƙarfi. Babu mai iya shirya faɗan gaske a fili ya kira shi gasa.

Da jari ya ƙare, malamai kuma suna ta gudu zuwa ɓangaren gwamnati, Choi ya yi abin da ya ƙarasa raba shi da gida. A 1980 ya kai tawaga Koriya ta Arewa, abokiyar gabar ƙasar da ya yi wa soja. Arewa ta ba shi kuɗi da malamai, Kudu ta ɗauke shi maci amana, aka daɗe ba a ambaton sunansa a tarihin tekwando da ake koyarwa a can. A 1985 ya mai da hedkwatar ƙungiyarsa birnin Biyana na Ostiriya, ya kuma bar wa ɗalibai kundi mai juzu'i 15. Ya rasu a Piyongyang ranar 15 ga watan Yuni 2002 da ciwon sankarar ciki, yana da shekara 83, aka rufe shi a can. Bayansa ƙungiyar ta dare gida uku, kamar dukiyar da maigida ya tafi bai raba ba.

Wani abin mamaki ya faru shekara 15 bayan rasuwarsa. A watan Yuni 2017 aka yi gasar duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu, aka gayyato magadan Choi daga Koriya ta Arewa suka nuna irin tasu tekwando a gaban jama'a. A wannan gasa ce kuma Alfaga ya zama zakaran duniya na masu nauyi. Tekwandon bariki da ta lamba suka haɗu a fili ɗaya, ɗan Nijar ya dawo da zinariya.

To, mu koma ga tambayar uwar yaro. Amsarmu ita ce, abin da Choi ya gina don soja, Olamfik ta gyara shi don fili, kuma na filin ne ya fi yaɗuwa har ya iso mana. Mu da muka san kokowa ba za mu yi mamaki ba. Zakaran da ya ɗauki takobi yana da ƙarfi, da numfashi, da sanin inda zai sa ƙafa, amma kokowarsa tana da alƙali da doka, kuma abokin karawarsa ba ya ɓoye wuƙa a riga. Haka tekwando take. Za ta ba yaro lafiya, da zafin nama, da ƙafar da ba a raina ta ba, amma ba laya ba ce. Malamin da ya ce wa yaro baƙar ɗamara ta fi ƙarfin wuƙa, a canza masa malami, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ɗan fashi ya tare hanya, a ba shi jaka, jari yana dawowa.

Kafin ku biya kuɗin wata, ku je da kanku ku tambayi malamin abin da yake koyarwa, na gasa ne ko yana haɗawa da kare kai. Ku kuma duba halin yaron bayan wata shida. Choi ya bar wa ɗalibansa sharuɗɗa biyar: ladabi, gaskiya, juriya, kame kai, da zuciyar da ba ta karaya. Shi kansa ya koyi darasin kame kai da tsada, tun ranar da ya jefa kwalbar tawada. In yaro ya dawo gida yana gaishe da manya, ya rage tsokana, kuɗinku bai faɗi ba. In kuwa ƙannensa ya fara gwada shuri a kansu, to a sake lissafi.