Labarin Toyohiko Kagawa, Mai Bishara na Ƙasar Japan

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a wannan biki na jubili muna tuna alherin da Allah ya yi mana tun ranar da bishara ta iso ƙasarmu. Ya kamata kuma mu ɗaga ido mu dubi abin da ya aikata ta hannun bayinsa a waɗansu ƙasashe, domin mu sami koyo. Ga labarin wani ɗan'uwanmu, mutumin Japan, can gabas mai nisa. Sunansa Toyohiko Kagawa.

An haife shi a birnin Kobe, a bakin teku, ran 10 ga watan Yuli, 1888. Ubansa mai dukiya ne, amma uwarsa ba uwargida ba ce. Yana da shekara 4 ubansa ya rasu, ba a daɗe ba uwarsa ta bi. Aka kai shi gidan kakanninsa a ƙasar Tokushima, ya tashi maraya a gida mai yalwar abinci da ƙarancin ƙauna.

Sa'ad da ya shiga makarantar midil ya so ya koyi Turanci. Wannan ne ya kai shi wurin Turawan mishan biyu daga Amurka, watau Harry Myers da Charles Logan. Suka buɗe masa ƙofar gidajensu, suka zaunar da shi a kan abinci tare da 'ya'yansu, suka kuma buɗe masa Littafi Mai Tsarki. Yaron da ba ya da uba ya ji labarin Uba na sama. Ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a 1904. Da ya ce shi aikin Ubangiji za shi yi, sai kawunsa wanda ke riƙonsa ya janye hannu daga gare shi.

Ya yi karatu a makarantar mishan a Tokyo, daga baya ya koma makarantar fastoci a Kobe. A cikin shekarun nan tarin fuka ya kama shi, har aka fid da rai. Allah ya tashe shi. Shi kuwa ya ƙudura a ransa, tun da ya ke kwanakinsa ba su da tabbas, zai ba da su ga matalauta.

Ran jajiberen Kirsimati na 1909, yana da shekara 21, ya ɗora 'yan kayansa a kan amalanke ya ƙaura zuwa Shinkawa, unguwar da ta fi kowace talauci a Kobe. Mutum wajen 10,000 ne ke cunkushe a wurin, cikin ɗakuna ƙanana da iyali guda ke kwana a kan tabarma biyu. Ɗakin da ya samu, an taɓa kashe mutum a ciki, saboda haka kowa yana gudunsa. Can ya zauna. Wanda ba shi da wurin kwana ya kwana tare da shi. Wanda ba shi da riga ya karɓi tasa. Mashaya suka buge shi, waɗansu suka zare masa wuƙa suna neman kuɗi, bai kai ƙarar kowa ba. Daga wurin wani da ya ba shi makwanci ya ɗauki ciwon ido mai tsanani, irin wanda mu ke kira amodari, ya kuwa rage masa gani har ƙarshen ransa. A 1913 ya auri Haru, ma'aikaciya a wata maɗaba'a, ta shigo unguwar ta ɗauki rabin kayan.

Bayan shekara 5 a Shinkawa Kagawa ya lura da wani abu. Yana ciyad da mutum 10, sai ga 100 sun zubo daga ƙauyuka da masana'antu, gama hakkin da a ke biyan ma'aikaci bai isa ya ci da iyalinsa ba, manomi kuwa mai gona yana karɓe rabin amfaninsa. Sadaka tana kashe yunwar yau, amma ba ta toshe ramin da mutane ke faɗawa ciki. A 1914 ya tafi Amurka ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Princeton, ya komo a 1917 da niyyar ya bi talauci har tushensa.

A 1921 ma'aikatan da ke ƙera jiragen ruwa a Kobe, wajen mutum 30,000, suka yi yajin aiki. Kagawa ya shiga gabansu, yana gargaɗinsu kada su ɗauki sanda ko dutse. Duk da haka aka kama shi aka tsare. A shekarar nan kuma ya taimaka aka kafa ƙungiyar gama kai ta masu saye a Kobe, inda talakawa ke haɗa kuɗi su sayi abinci da araha. A 1922 shi da abokinsa Motojiro Sugiyama suka kafa ƙungiyar manoma. Ya rubuta wani littafi a kan zamansa a Shinkawa, wanda ya fito a 1920 ya sami masu saye da yawa ƙwarai. Kuɗin littafin aikin matalauta ya tafi.

Sa'an nan babbar masifa ta zo. Ran 1 ga watan Satumba, 1923, gab da tsakar rana, ƙasa ta girgiza a Tokyo da Yokohama. Lokacin girki ne, wuta tana kan murhu a kowane gida, gidajen kuwa na katako ne, ga iska mai ƙarfi. Gobara ta ci birnin har kwana biyu. Mutum fiye da 100,000 suka hallaka. A unguwar Honjo jama'a suka gudu da kayansu zuwa wani fili, suna tsammani sun tsira, sai guguwar wuta ta auka musu, wajen mutum 38,000 suka mutu a wuri ɗaya. Bayan wuta kuma sai ƙarya ta tashi, aka baza cewa baƙi 'yan Koriya suna zuba dafi a rijiyoyi, aka kashe da yawa daga cikinsu ba da laifin kome ba.

Kagawa yana Kobe sa'ad da labari ya iso. Kashegari ya shiga jirgin ruwa da kayan taimako. Da ya ga abin da idonsa, ya gane wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya fi ƙarfin ɗarika ɗaya. Ya koma yammacin ƙasar, yana bin gari gari yana yi wa jama'a jawabi, yana tara kuɗi da tufafi da barguna. Bai tambayi sunan ɗarikar mai bayarwa ba, bai tambayi addinin mai karɓa ba. A watan Oktoba ya komo tare da abokan aikinsa, suka kafa tantuna a Honjo, a unguwar nan da mutuwa ta fi yawa. Suka haɗa hannu da ƙungiyar samarin Kirista da a ke kira YMCA, da masu bi daga ekklesiyoyi dabam dabam.

Ku duba irin aikin da suka yi. Suka raba abin rufa, gama sanyi yana zuwa. Suka buɗe wurin shan magani. Suka tara yara suna lura da su domin iyaye su sami fita neman abinci. Suka nema wa marasa aiki aiki. Suna zama da gwauraye da marayu suna jin kukansu, da dare kuma a yi wa'azin bishara da addu'a. Kagawa bai raba jiki da rai ba. A wurinsa wanda ya rasa 'ya'yansa a cikin wuta yana bukatar bargo, yana kuma bukatar wanda zai zauna kusa da shi ya nuna masa Mai Ceto wanda shi ma ya sha azaba.

A watan Nuwamba na shekarar nan, toka ba ta ko gama kwantawa ba, ekklesiyoyin Japan suka kafa majalisa ɗaya ta dukan ƙasa. An daɗe ana shirinta, amma masifa ta nuna wa kowa amfaninta, gama wuta ba ta bar ɗakin sujada na wannan ta ƙone na wancan ba.

Masu taimako da yawa sun koma gida bayan 'yan watanni. Kagawa bai koma ba. Ya ɗauko iyalinsa ya zauna a Tokyo, gama ya san bayan gobara mai ba da bashi da ruwa ya kan zo ya kwashe abin da wuta ta rage. Saboda haka a 1928 aka kafa a Honjo ƙungiyar gama kai inda talaka zai kai jingina ya karɓi rance da sauƙi. Daga baya kuma ya taimaka aka buɗe asibiti na gama kai a Tokyo. Sa'ad da hukumar birnin ta kira shi a 1929 ya taimake ta a kan aikin jin ƙai, ya karɓi aikin, ya ƙi albashin. Daga 1930 ekklesiyoyi suka haɗu suka fita wa'azi ko'ina cikin ƙasar har shekaru, Kagawa ne babban mai wa'azinsu.

Kada mu ɗauka ba shi da aibi. A 1940 an tsare shi domin ya nemi gafarar mutanen Sin saboda yaƙin da ƙasarsa ta kai musu. Amma da yaƙi ya yi zafi, shi ma ya yi magana a rediyo yana goyon bayan ƙasarsa, abin ya ɓata wa abokansa da yawa rai. Waɗansu masu bi kuma sun ga ya cika shiga sha'anin siyasa. Mutum ne kamarmu, alherin Allah ne ya riƙe shi. Ya rasu a Tokyo ran 23 ga watan Afrilu, 1960, yana da shekara 71.

'Yan'uwa, girgizar ƙasa irin ta Japan ba mu san ta ba, amma mun san fari. Dattawanmu suna tuna yunwar 1973 da ta 1984, ƙanananmu kuma sun ga ambaliya ta rushe gidaje a 2020 da 2024. Ranar da irin wannan ta sāke zuwa, ina za a same mu? Kowa a ɗakin sujadarsa yana ƙirga nasa? Littafin Ayyukan Manzanni, sura 11, ya nuna mana yadda masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya a lokacin yunwa. Hanyar nan Kagawa ya bi. Mu ma mu san juna tun rumbu yana cike, mu je wurin masu shan wuya tare, mu zauna da su bayan kowa ya watse, mu kuma tambayi abin da ya sa kullum talaka ne masifa ke fara ci. Ubangiji shi ba mu zuciya ɗaya. Amin.