Reginald Mitchell, Mutumin da ya Zana Jirgin Spitfire

Kowace shekara idan sanyi ya saki ƙasar Ingila, dubban jama'a sukan taru a tsofaffin filayen jiragen sama irin na Duxford, kusa da garin Cambridge, domin kallon wasan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Akan zo da yara, akan turo tsofaffi a kan keken guragu. Da zarar an ji rurin injin wani ɗan siririn jirgi mai faffaɗan fiffike, sai ka ga kowa ya yi tsit ya ɗaga kai sama. Sunan jirgin Spitfire. Gidajen telebijin na ƙasar kuwa ba su gajiya da shirya labarinsa, musamman a watan Satumba da ake tunawa da gwabzawar da aka yi da Jamus a sararin samaniyar Ingila cikin 1940. A irin waɗannan shirye-shirye matuƙa ake yawan nunawa, da lambobinsu a ƙirji. Mutumin da ya zauna ya zana jirgin kuwa sai a ambace shi cikin minti ɗaya ko biyu a wuce, alhali kuwa labarinsa ya fi na da yawa daga cikinsu ban tausayi, gama ya mutu shekara biyu kafin a fara yaƙin, bai taɓa ganin jirginsa ya harba harsashi ko ɗaya a kan abokin gaba ba.

An haifi Reginald Joseph Mitchell ran 20 ga watan Mayu 1895 a Butt Lane, cikin lardin Staffordshire, yankin da ya shahara da ginin tangaran. Ubansa malamin makaranta ne wanda daga baya ya koma sana'ar ɗab'i. Yaron bai shiga jami'a ba. Yana da shekara 16 ya bar makaranta, aka kai shi koyon aiki a kamfanin Kerr Stuart, masu ƙera kawunan jirgin ƙasa a Stoke-on-Trent. Da rana yana cikin baƙin mai da ƙarar guduma, da dare yana makarantar yamma yana koyon lissafi da zanen injuna. Wannan koyo na hannu ya bi shi har ƙarshen ransa, domin ya san ƙarfe tun yana ɗanye, ya san abin da maƙeri zai iya da abin da ba zai iya ba.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Farko ya sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai suna Supermarine a bakin ruwan Southampton, can kudancin ƙasar. Sana'ar kamfanin ita ce ƙera jiragen sama masu tashi da sauka a kan ruwa. Cikin 1918 ya auri wata malamar makaranta, Florence Dayson, suka haifi ɗa guda, Gordon. Cikin 1919, yana da shekara 24 kacal, aka naɗa shi shugaban masu zane na kamfanin, bayan shekara ɗaya kuma ya zama babban injiniya. Daga 1920 zuwa 1936 ya zana jirage iri 24. Darajarsa ta kai har sa'ad da babban kamfanin nan Vickers ya sayi Supermarine cikin 1928, sai da aka sa sharaɗi a cinikin cewa Mitchell zai ci gaba da aiki a wurin har shekara biyar. Watau ba ginin suka saya ba, kansa suka saya.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce mutum ne mai kunya, yana da ɗan in'ina, ba ya son a sa shi jawabi a gaban taro. Lofe ba ya rabuwa da bakinsa. Yana kuma da saurin fushi, idan aka katse masa tunani wanda ya shigo ofishin sai ya gane kurensa. Amma idan ana shawara a kan zane yakan saurari ƙaramin ma'aikaci kamar yadda zai saurari babba.

Abin da ya fara fito da sunansa duniya shi ne gasar tseren jiragen ruwa masu tashi, wadda ake kira Kofin Schneider. Ƙa'idar gasar ita ce duk ƙasar da ta ci sau uku cikin shekara biyar ta riƙe kofin har abada. Ingila da Italiya da Faransa da Amurka suka mai da abin na nuna isa. Jirgin Supermarine ya ci a Naples cikin 1922. Cikin 1925 Mitchell ya kai Amurka wani sabon jirgi, S.4, mai fiffike ɗaya a kowane gefe, a zamanin da yawancin jirage suke da fiffike biyu, wani a kan wani, an ɗaure su da wayoyi. Jirgin ya faɗa ruwa tun wajen gwaji, amma matuƙin ya tsira. Mitchell bai koma tsohon yayi ba, gyara ya yi. Jirginsa S.5 ya ci a Venice cikin 1927 da gudun mil 281 a sa'a, S.6 ya ci a Ingila cikin 1929 da mil 328, da injin kamfanin Rolls-Royce.

Nasarorin nan ba a banza aka same su ba. Cikin Maris 1928 wani gwanin matuƙi, Kinkead, ya nutse da S.5 yana ƙoƙarin kafa sabon tarihin gudu, ya mutu. Cikin 1931 wani saurayi ya sake halaka wajen gwaji. Mutuwar matuƙa ta kan dami Mitchell ƙwarai, domin yana ganin da hannunsa ya zana abin da suka hau.

Saura ci ɗaya Ingila ta riƙe kofi, sai gwamnati ta ce ba ta da kuɗin gasar 1931, don lokacin tattalin arzikin duniya ya karye. Wata attajira, Lady Houston, ta fid da fam 100,000 daga aljihunta, aka ƙera S.6B cikin 'yan watanni. Gaskiya ranar gasar ba ta yi armashi ba, gama Faransa da Italiya ba su shirya ba, jirgin Ingila shi kaɗai ya zagaya fili da mil 340 a sa'a ya ɗauki kofi. Amma ran 29 ga Satumba na shekarar wani S.6B ya yi mil 407 da rabi, gudun da ɗan Adam bai taɓa yi ba kafin nan. Sarkin Ingila ya ba Mitchell lambar C.B.E.

Mai karatu zai zaci daga nan sai Spitfire. Ina! Jirgin yaƙin da Mitchell ya fara zanawa ga Ma'aikatar Sojan Sama, wanda aka ba lamba 224, abin kunya ya zama. Ya tashi cikin Fabrairu 1934, fiffikensa mai kauri, ƙafafunsa a sandare ba su naɗewa, injinsa yana yawan zafi, iyakar gudunsa mil 228. Mutumin da ya wuce mil 400 ke nan. Gwamnati ta ƙi jirgin, ta zaɓi Gladiator na wani kamfani, mai fiffike biyu irin na da. Masu shirin telebijin ba su cika son tsayawa a nan ba, amma nan ne zuciyar labarin, domin lokacin da wannan faɗuwa ta same shi akwai wata masifa da ta fi ta a jikinsa.

Cikin Agusta 1933 likitoci suka gano yana da ciwon daji a ƙarshen hanjinsa. Aka yi masa babban aiki, aka huda masa ciki aka maƙala jaka wadda bayan gida zai riƙa fita ta nan har iyakar ransa. Aka kuma gaya masa ciwon yana iya dawowa. Yana da shekara 38. Wani da ya kwanta ya jira ajali, ba kuwa wanda zai zarge shi. Shi sai ya koma ofis, yawancin ma'aikatansa ba su ma san abin da yake ɓoye a ƙarƙashin kwat ɗinsa ba. Har ila yau ya shiga koyon tuƙin jirgi, ya sami lasin cikin 1934, don ya ji da jikinsa abin da matuƙa suke ji.

Daga nan ya share allo ya sake zane tun daga tushe. Sabon jirgin ƙafafunsa suna naɗewa su shige cikin fiffike, matuƙi yana zaune a rufe cikin gilashi, jikinsa duk ƙarfe ne mai santsi, aka sa masa sabon injin Rolls-Royce wanda daga baya aka kira Merlin. Matsalar ita ce fiffike. Gudu yana bukatar fiffike siriri, amma sojoji suna son mashingan takwas, ga harsasai, ga ƙafafu, duk a cikinsa. Mafitar da aka samu ita ce a faɗaɗa shi daga gindi, ya tafi yana lanƙwasa kamar ganyen mangwaro har ya tsuke a baki. Wani saurayi ɗan Kanada, Beverley Shenstone, yana da hannu sosai a lissafin wannan fiffike, kuma ya kamata a faɗa, domin Mitchell shugaban ƙungiya ne, ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Sunan Spitfire ma ba shi ya raɗa ba, shugaban Vickers, Sir Robert McLean ne, Mitchell kuwa bai ga kyan sunan ba.

Ran 5 ga Maris 1936 jirgin gwaji mai lamba K5054 ya tashi daga filin Eastleigh, matuƙi Summers yana ciki, ya yi minti takwas a sama ya sauka lafiya. Bayan 'yan gyare-gyare ya kai kusan mil 350 a sa'a. Ran 3 ga Yuni gwamnati ta ba da odar guda 310, ran 27 ga watan kuma aka nuna wa jama'a shi a bikin jiragen sojan sama na Hendon, a Landan. Watau tun kafin Spitfire ya san fagen fama ya san filin wasa.

A cikin shekarar nan ciwon ya dawo. Mitchell ya ci gaba da aiki a kan wani babban jirgin jefa bom mai inji huɗu, har farkon 1937 da ƙarfi ya ƙare. Ko a lokacin akan gan shi cikin mota a gefen fili yana kallon gwajin jirginsa. Cikin Afrilu aka kai shi wani asibiti a Viyana, ƙasar Ostiriya, likitocin can suka ga ba abin da za su iya, ya komo gida. Ya mutu ran 11 ga Yuni 1937 a Southampton, yana da shekara 42.

Abin da ya biyo baya a hannun wasu ya faru. Joseph Smith, wanda ya gaje shi, shi ya riƙa ƙara wa jirgin ƙarfi da makamai shekara bayan shekara, har aka ƙera fiye da 20,000 kafin a daina cikin 1948. Fiffiken nan mai kyau ya ba maƙera wuya ƙwarai, shi ya sa sai cikin Agusta 1938 rukunin farko, na 19 da ke Duxford, ya karɓi nasa. A gwabzawar 1940 jiragen Hurricane sun fi Spitfire yawa, sun kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire shi ne wanda yake iya kafaɗa da kafaɗa da Messerschmitt 109, shi ne kuma ya shiga zukatan mutane. Garuruwa da ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila suka riƙa tara kuɗi, fam 5,000 kuɗin jirgi guda. Nijeriya ma ta ba da nata, har aka sa wa rukuni na 91 na sojan saman Ingila sunan Nijeriya cikin 1941, kuma Spitfire suke tuƙawa. Jirgin bom ɗin da Mitchell ya bari kuwa bai taɓa tashi ba, domin cikin Satumba 1940 Jamusawa suka ragargaza ma'aikatar Supermarine da shi a ciki ba a gama ba. K5054 ma ya faɗi ran 4 ga Satumba 1939, kwana ɗaya bayan Ingila ta shiga yaƙi, matuƙinsa ya mutu.

Cikin 1942 aka yi silima a kan rayuwarsa mai suna The First of the Few, Leslie Howard ya fito a matsayinsa. Yawancin Turawan Ingila daga nan suka san shi, kuma ba ainihinsa suka sani ba. Silimar ta nuna wani mutum mai sanyin murya mai yawan mafarki yana kallon tsuntsayen teku, wanda likita ya ce ya huta ko ya mutu, ya zaɓi aiki ya kashe kansa domin ƙasarsa. Ba a ambaci ciwon daji ba, balle jakar da ke cikinsa, don a zamanin nan abin kunya ne a faɗa. Labarin ya dace da lokacin yaƙi, amma ya rage masa girma, gama wanda ya yi shekaru yana zuwa ofis da irin wannan lalura bai bukaci a ƙaga masa jaruntaka ba. Shi kansa Howard, Jamusawa suka harbo jirgin fasinjan da yake ciki cikin Yuni 1943. Ɗan Mitchell, Gordon, ya rubuta tarihin ubansa, ya kuma shafe ƙarshen rayuwarsa yana gyara wa mutane labarin, har ya mutu cikin 2009.

Jiragen da ake gani a wasanni yanzu wasu na attajirai ne, wasu na gidajen tarihi, wasu kuma na wani sashe na sojan saman Ingila da aka kafa cikin 1957 don tunawa da yaƙin, wanda mazauninsa yake Coningsby. A cikin jiragen sashen akwai Spitfire mai lamba P7350 wanda ya shiga gwabzawar 1940 da kansa. Tashi da jirgi mai shekara tamanin yana da haɗarinsa, cikin Mayu 2024 ɗaya daga cikin jiragen sashen ya faɗi kusa da Coningsby, matuƙin ya rasa ransa. Jirgin tsere S.6B da Kofin Schneider suna ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan, garin Stoke-on-Trent kuma yana da nasa Spitfire a gidan tarihinsa. Gawar Mitchell kuwa ƙone ta aka yi bisa al'adar wasu Turawa, aka binne tokar a maƙabartar South Stoneham, wadda take kusa da filin Eastleigh inda K5054 ya fara tashi.