Rachel Carson: Matar da ta koya wa yaro kallon kaguwa, ta kuma ja daga da kamfanonin guba

Ranar 4 ga Yunin 1963, wata mata mai shekara 56 ta zauna a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka tana ba da shaida kan magungunan ƙwari. Kamfanonin da suka shafe shekara guda suna neman zubar mata da mutunci ba su san cewa cutar daji ta riga ta ci ƙarfinta ba. Da gangan ta ɓoye ciwon, domin ta tabbata da zarar labarin ya fita za a ce ɗacin ran majinyaciya ne ya sa ta ɗora wa sinadarai laifi. Sunanta Rachel Carson, kuma hanyar da ta kai ta wannan kujera ta biyo ne ta gaɓar teku, inda ta yi shekaru tana durƙusawa tana kallon ƙananan halittu, wani lokaci da ƙaramin yaro a gefenta.

An haife ta ranar 27 ga Mayun 1907 a garin Springdale na jihar Pensilbaniya, nesa ƙwarai da teku. Mahaifiyarta, Maria, ita ta saba mata da zagaya daji da sanin tsuntsaye. A 1918 wata mujallar yara mai suna St. Nicholas ta buga labarinta na farko. Ta shiga kwaleji da niyyar zama marubuciya, sai ta sauya zuwa ilimin halittu, a zamanin da ake ganin kimiyya ba fagen mata ba ce. Ba ta ga teku da idonta ba sai a 1929, da ta je cibiyar bincike ta Woods Hole. Ta sami digiri na biyu a Jami'ar Johns Hopkins a 1932, amma talauci ya hana ta kammala na uku. Mahaifinta ya rasu a 1935, yayarta ta bi shi a 1937 ta bar 'ya'ya mata biyu, nauyin gida duka ya dawo kanta. Ta kama aiki a hukumar kula da kamun kifi ta gwamnatin tarayya, ta fara da rubuta gajerun shirye-shiryen rediyo kan rayuwar cikin ruwa.

Littafinta na farko ya fito a ƙarshen 1941, makonni kaɗan kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, saboda haka bai yi kasuwa ba. Na biyun, The Sea Around Us, wanda ya fito a 1951, ya yi makonni 86 a jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times. Da kuɗinsa ta ajiye aikin gwamnati, ta gina ɗan gida a tsibirin Southport na jihar Maine, daf da bakin ruwa.

A nan ne aikin da ya fi bayyana halinta ya kankama. Sau biyu a yini teku na cikowa ya rufe duwatsun gaɓa, sannan ya janye ya bar kududdufai. Wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton ruwa ne kawai da gansakuka. Carson takan jira ruwa ya janye, ko da tsakar dare ne, ta sauka da tocila da madubin ƙara girma. Littafin da ta fitar a 1955, The Edge of the Sea, ya bi gaɓar gabashin Amurka daga duwatsun arewa, zuwa rairayin tsakiya, har tsibiran murjani na Fulorida, yana gabatar da mazauna wurin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata 'yar halitta mai ɓawo, dangin kaguwa, wadda tun tana ƙarama take manna kanta a jikin dutse, ba ta sake motsawa daga nan har ta mutu. Ƙafafunta take miƙowa ta cafo abinci idan ruwa ya zo. Akwai dodon koɗin teku da ya hau can saman duwatsu har yana iya yin makonni ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, tamkar yana kan hanyar ƙaura zuwa tudu. Halittar nan mai siffar tauraro kuwa, idan ta kama abin ci mai ɓawo biyu, sai ta ɓare shi kaɗan, ta fito da tumbinta ta baki ta zura a ciki, ta narkar da naman a can. In hannunta ɗaya ya gutsure, wani ya tsiro. Masu aiki tare da Carson sun shaida cewa idan ta gama duba irin waɗannan halittu, sai ta mayar da su ruwa da ransu.

Cikin masu rakiyarta har da Roger, jikan yayarta. Yana da wata ashirin a duniya ta naɗe shi da bargo ta kai shi bakin teku cikin dare ana ruwa da iska, don kawai ya ji rugugin igiyar ruwa. Daga baya suka riƙa fita da tocila neman wata kaguwa mai launin yashi, wadda ke ɓuya a rami da rana ta fito da dare, mai gudun tsiya, wadda duk da zamanta a tudu dole ta riƙa komawa bakin ruwa ta jiƙa gaɓoɓin numfashinta. A 1956 ta rubuta maƙala kan wannan tarbiyya a mujallar Woman's Home Companion. Ra'ayinta shi ne kada a fara ɗora wa yaro haddar sunaye. A bar shi ya gani, ya taɓa, ya sunsuna, sha'awa ta kama shi, tambayoyi za su biyo baya da kansu. Ta kuma ce ko babban da bai san sunan tsuntsu ɗaya ba zai iya yi wa yaro wannan rakiya. A 1957 mahaifiyar Roger ta rasu, Carson ta ɗauke shi riƙo yana ɗan shekara biyar.

Masu ba da tarihinta sukan raba rayuwarta biyu: marubuciyar teku mai laushin harshe, da kuma 'yar gwagwarmaya. A ganina wannan rabo bai yi daidai ba. Tambayar da ke gaban mai kallon kududdufi ita ce wa ke cin wa, kuma me ke biyo baya idan aka cire ɗaya. Da wannan tambaya ta tunkari DDT.

A lokacin, DDT abin alfahari ne. Paul Müller, wanda ya gano yana kashe ƙwari, ya karɓi kyautar Nobel a 1948. Jiragen sama na fesa shi a kan gonaki, dazuzzuka da unguwanni. Tun 1945 Carson ta nemi mujallar Reader's Digest ta ba ta dama ta yi rubutu kan haɗarinsa, ba a amsa mata ba. A Janairun 1958 wata ƙawarta, Olga Huckins, ta aiko mata da labarin tsuntsayen da suka mutu a filinta a jihar Massachusetts bayan feshin sauro ta jirgi. Daga nan ta shiga bincike na shekara huɗu.

Yadda ta yi aikin darasi ne ga kowane ɗan jarida. Ta bi takardun wata shari'a da mazauna Long Island suka shigar kan feshi, ta yi ta musayar wasiƙu da masana, ta kuma samu bayanai daga ma'aikatan gwamnati da ke tsoron a ambaci sunansu. Ta nuna cewa gubar ba ta narkewa da wuri, tana taruwa a kitse, tana kuma ƙaruwa daga mai ci zuwa mai cinsa. A harabar Jami'ar Jihar Michigan an fesa wa bishiyoyi magani, ganye ya zuba, tana ta ci ganyen, tsuntsaye suka ci tanar suka mutu. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya an zuba ɗan kaɗan na wani sinadari ɗan uwan DDT don kashe ƙananan ƙudaje, ya bi ta cikin kifaye ya hallaka tsuntsayen ruwa. Tana cikin wannan aiki mahaifiyarta ta rasu, a 1960 kuma aka yi mata tiyatar sankarar mama.

Mujallar New Yorker ta fara buga sassan Silent Spring a Yunin 1962, littafin ya fito a Satumba, da shafuka fiye da hamsin na madogara. Kamfanin Velsicol ya yi wa mawallafanta barazanar shari'a. Monsanto ya buga wani rubutu na shaguɓe da ke zana duniyar da ƙwari suka cinye. An kira ta mai ruɗu, an yi mata gorin rashin aure, har an jingina ta da kwaminisanci. Ba a kai ta kotu ba. A Mayun 1963 kwamitin masana da ke ba Shugaba Kennedy shawara ya fitar da rahoton da ya gaskata jigon abin da ta faɗa.

Akwai zargin da ya shafi Afirka kai tsaye, wanda har yau ake yaɗawa: wai ita ta jawo hana DDT, don haka mutuwar miliyoyin yara da zazzaɓin cizon sauro na wuyanta. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Ba ta nemi a haramta magungunan ƙwari gaba ɗaya ba. Feshin barkatai ta yaƙa, ta kuma yi gargaɗin cewa yawan fesawa a gonaki zai sa sauro ya daina jin maganin, abin da ya riga ya fara faruwa tun tana raye. Haramcin da Amurka ta yi a 1972 na amfani a cikin gida ne. Shirin kawar da zazzaɓin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955 bai ma shigo da yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuwa ta bar ƙofa a buɗe don amfani da DDT wajen yaƙi da cututtuka. Inda za a iya kama ta shi ne babin cutar daji, wanda a wasu wurare ya yi gaba da hujjojin zamaninsa. Batun gubar da ke bin abinci kuwa bai tsufa ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma irin wannan wake ne ke shiga tukwanenmu.

Carson ta rasu ranar 14 ga Afrilun 1964 a Silver Spring, jihar Maryland, shekara shida kafin Amurka ta kafa hukumar kare muhalli. Ta so ta faɗaɗa maƙalar nan ta 1956 ta zama cikakken littafi don iyaye da yara, ciwo bai bar ta ba. An buga ta yadda take a 1965 da sunan The Sense of Wonder, aka sadaukar da ita ga Roger, wanda editanta Paul Brooks da matarsa suka ci gaba da riƙonsa.